Birkin Babur ɗin Ya Modu

A makon jiya na zauna a bencin wani bakanike a bakin tasha, ina jiran jikana ya gama gyaran babur ɗinsa ya mayar da ni gida. Birkin gaba ne ya daina kamawa. Bakaniken ya kwance kalifa, ƙarfen nan da ke rungume da faifan ƙafar gaba yana matse shi in an ja birki, ko leƙa cikinsa bai yi ba ya wurga shi kan tarin ƙarafa, ya ciro sabo a leda ya ɗaura. Kafin in shanye ruwan da aka ba ni har an gama. Ba laifi ya yi ba, haka zamanin ya zo. Amma ƙarar faɗuwar ƙarfen nan ta tsaya mini a kunne har muka iso gida, ta tuno mini da wani kalifa da na yi wajen wata biyu ina fama da shi lokacin ina saurayi, da abin da ya jawo wa gidanmu.

Haɗejar wancan lokaci kunne ya fi ido saninta. Tun kafin rana ta fito za ka ji taɓarya tana amsa taɓarya daga gida zuwa gida, jakai na kuka a hanyar kasuwa, masu fito na ƙwala wa juna kira a bakin kogi. In damina ta yi nisa ruwa yakan cika fadama har ka rasa inda kogi ya tsaya, shinkafa ta yi kore shar, warin bandar kifi ya rufe unguwarmu. Yanzu wurin da muke shiga kwalekwale ciyawar kacalla ta cinye shi, sai ƙugin babura da injin niƙa tun safe har dare. A da kuwa in babur ya taso daga ƙofar gari, mace na tsakar gida za ta faɗa maka na wane ne, don ba su da yawa, kuma kowanne da irin kukansa. Mahaifinmu fataucin bandar kifi yake yi, kakanninsa daga gabas suka zo, wajen tafki. Mutum ne mara yawan magana. In abu ya yi masa daɗi sai ya ce, "To, madalla." In ransa ya ɓaci sai ya ce, "Na ji," ya miƙe. Mu 'ya'yansa mun fi tsoron wannan "na ji" ɗin a kan bulala. A zaure yake cin abinci, kwano ɗaya da ni da yayana, kuma ba wanda yake sa hannu sai ya sa.

Ni gyaran keke nake yi a gindin wani durumi kusa da kasuwa: faci, gyaran sarƙa, miƙe ƙafar da ta lanƙwashe. Ina ganin kaina gwani, don ba keken da ya taɓa gagarata. Yayana kuwa, Ya Modu, malamin asibiti ne, shi ake turawa ƙauyukan fadama da akwatin allura. Shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi ya je Kano ya dawo da babur ja mai salansa biyu. Abin da ya fi jan mutane a jikinsa shi ne ƙafar gaba, don maimakon birkin waya da kowa ya sani, wani faifai ne mai ƙyalli, da ɗan kofi a kan hannun babur da ake zuba wa mai. Har daga wasu unguwanni ake zuwa kallo. Ni ne mai wanke shi, ni ne mai sa wa sarƙa mai, kuma ina yi da jin daɗi, don Ya Modu yakan bar ni in zaga da shi bayan ganuwa in na gama.

Wata rana ina goge shi na buɗe ɗan kofin nan na ga man ya yi ƙasa. Akwai galan ɗin man inji sabo a ɗakin Ya Modu, mai kyau, garai-garai. A raina na ce mai ai mai ne. Na cika kofin, na rufe, na goge bakin da tsumma. Ban faɗa wa kowa ba, ba don ɓoyewa ba, sai don ina ganin ƙaramin abu ne da bai kai a faɗa ba.

Bayan kamar mako uku, ranar kasuwa, ƙarshen damina, Ya Modu ya nufi wurin fito zai ƙetare. Akwai gangare kafin a isa bakin ruwa, ƙasar laka ce mai santsi. Wata Bafulatana mai tallar nono, ana ce mata Inna Hajjo, ta fito daga kwalekwale tana hawowa da ƙwarya a kai. Ya ja birkin gaba bai kama ba, ya taka na baya ƙafar ta zame, ya tafi da ita. Cinyarta ta karye, nono ya malale a laka. Shi kuma kafaɗarsa ta goce. Kafin a kai ta wurin maɗori labari ya riga ya zaga kasuwa, kuma kowa abu ɗaya yake faɗa: ɗan boko ya samu babur, gudu yake yi don a gan shi.

A zaure Baba ya tambaye shi yadda aka yi. Ya Modu na zaune da hannu rataye a wuya, ya ce, "Baba, wallahi ba gudu nake ba. Na ja birki, hannun ya tafi har ƙarshe kamar ba komai a ciki."

Wani maƙwabcinmu da ke wurin ya tashi ya ja hannun birkin, ya ga lallai sakwaf yake, ya ce ai faɗuwar ce ta lalata shi, sabon babur ba ya rasa birki haka kawai. Baba ya dubi Ya Modu ya ce, "Na ji." Ya sa aka tura babur ɗin rumfar awaki aka rufe da tsohuwar tabarma. Ya ɗauki nauyin jinyar matar, yana aika hatsi da kifi rugarsu. Daga ranar kuma aka raba kwano. Ni da Baba a zaure, Ya Modu a ɗakinsa shi kaɗai. Da kafaɗar ta warke ya koma aiki da tsohon keke, wani wurin ya ɗauke shi a kai ya ratsa ruwa. Ya rame, ya daina zama a dandali, don ko yara in sun gan shi sai su riƙa kwaikwayon kukan babur.

Ni dai ban yarda da maganar mutane ba. Na sha hawa bayansa, na san tuƙinsa, mutum ne da ko kaza ya hango yakan rage gudu. Na ƙudura sai na buɗe birkin nan na gano abin da ya same shi, in kawo wa Baba ya gani da idonsa. Ko sau ɗaya zancen man da na zuba bai faɗo mini a rai ba. Na sami Baba na ce, "Ba hawa zan yi ba, buɗewa kawai zan yi." Bai ce e ba, bai ce a'a ba, na ɗauki hakan izini. Na kwance kalifa da tiyonsa da hannun birkin gaba ɗaya, na naɗe a buhu, na ɗaure a bayan keke.

Mutum ɗaya na sani da ya taɓa aikin birkin mai, shi ne Malam Sale, dattijon da ke kula da injin ban ruwa a gonakin alkama. Ya yi shekaru yana gyaran manyan motoci kafin ya dawo gida, yatsunsa biyu na hagu ma can ya baro su. Na same shi a inuwar rumfar inji, na gaishe shi, na zazzage buhu. Ya buɗe ɗan kofin, ya ga robar murfin ta kumbura ta yi laushi kamar danƙo. Ya dangwala yatsa ya murza, ya shinshina. Sai ya ɗebo ruwa a kwano, ya ɗiga abin da ke cikin kofin. Ɗigon ya taso ya yi ido-ido a saman ruwa.

Ya ce, "Samari, dubi nan. Man birki in ya shiga ruwa narkewa yake. Wannan da ke yawo a sama man inji ne. Wa ya zuba shi?"

Na ce, "Yana da illa ne, Malam?"

Ya ce, "Illa? Robobin da ke cikin nan ba sa shiri da shi ko kaɗan. Sai su sha su kumbura, su ruɓe. Yau birki na kamawa, gobe na kamawa, rana ɗaya ka ja ka ji wayam. Yayanka gaskiya ya faɗa. Wa ya zuba?"

Injin na ta bugawa a bayanmu, ruwa na gudu a kwalbati, ni kuwa na durƙusa. Malam Sale ya daɗe yana kallona, ya gane. Ya zubar da ruwan kwanon ya ce, "Ni ƙarfe na sani. In kana son gyara zan nuna maka. Maganar gidanku kuwa ba zan kai ba, ba kuma zan hana ka kaiwa ba."

A hanyar dawowa sai da na tsaya a kan kwalbati da buhun nan a hannu, na yi tunanin in sake shi cikin ruwa in ce ya faɗi. Ban yi ba, amma ban kuma yi magana ba. Kwana uku ina cin abinci da Baba a kwano ɗaya. Ina ce wa kaina bari in gyara tukuna, in ya so in faɗa daga baya. Rana ta huɗu da azahar ina zaure, Baba na jan carbi, sai ga Ya Modu ya dawo yana tura keke, laka har gwiwa, akwatin allura a kafaɗar da ta goce. Ya hango Baba a ciki, sai ya tsaya a waje cikin rana, yana jira Baba ya tashi kafin ya wuce. A gidan ubansa. Abin da na kasa jurewa ke nan.

Na ce, "Baba, ina da magana. Ya Modu ma ya ji."

Na faɗi komai, tun daga buɗe kofin har zuwa kwanon ruwan Malam Sale, har kwana ukun da na yi shiru. Ina jiran "na ji", amma ba ta zo ba. Baba ya ajiye carbi, ya miƙe, ya fita da kansa cikin rana ya karɓi keken daga hannun Ya Modu ya jingine. Ya ce, "Modu, shigo." Da suka zauna ya ce, "Ka faɗa mini gaskiya na ɗauki maganar kasuwa. Ka yafe mini." Tun da nake ban taɓa jin Baba ya nemi gafarar wani ba, balle ɗansa. Ya Modu ya sunkuyar da kai yana cewa, "Haba Baba, haba Baba," hawaye na ɗiga kan lakar da ke ƙafarsa. Baba ya ɗaga murya ya ce wa Iya, mahaifiyarmu, a kawo abinci kwano ɗaya. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma, ba wanda zai kai babur ɗin nan Kano. Kai ka ɓata, kai za ka gyara. In ka gama akwai inda za mu je."

Ya Modu bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba. Ya dai daina yi mini magana. In na gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Muna sa hannu a kwano ɗaya yana kallon wani wuri. Na ga ba ni da bakin ba da haƙuri, abin da ya rage mini shi ne ƙarfen nan.

Kullum in na tashi daga gindin durumi da la'asar sai in taka keke zuwa rumfar Malam Sale. Ya ce shi ba zai taɓa ba, baki kawai zai sa. Muka raba kalifa, na cire birki fad ɗin da suka jiƙe da mai, sai ga fistin, wani ƙarfe kamar ƙaramin kofin shayi da ke turo fad ya matse faifai. Robar da ta kumbura ta riƙe shi gam, ga tsatsar zaman rumfar awaki. Na ɗauko filaya zan kama bakinsa, Malam Sale ya buge mini hannu.

Ya ce, "Ka ƙarce shi ka gama da shi. Ba a jawo fistin, turo shi ake yi daga baya. Ba kai ne mai keke ba? Ina famfonka?"

Na yanko bawul daga tsohon tub, na naɗa masa roba na cusa a ramin da tiyo ke shiga, na sa guntun katako da tsumma a gaban fistin don kada ya yi tsalle. Na yi ta buga famfo har gumi ya jiƙa rigata, iska na tsiyaya ta gefe, fistin ko motsi. Washegari na sake naɗi, na ɗaure da waya, haka dai. Malam Sale ya ce in riƙa ɗiga man birki a gefen fistin in bar shi ya kwana, in ƙwanƙwasa jikin kalifa a hankali da ƙotar guduma. Kwana biyar ina wannan. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Rana ta shida na danna famfo da nauyin jikina duka, sai ji na yi fat! kamar an harba bindigar toka, fistin ya daki katako, baƙin mai ya fantsamo mini a fuska. Malam Sale ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce da yatsana na wurin da mun zama mu biyu.

Robar da na zaro daga ciki ta ninka girmanta, tana narkewa a hannu. Na ɗauko kananzir zan wanke, ya ce in mayar, shi ma dangin man inji ne. Da ruwan zafi da sabulu na wanke, sau uku, na shanya a rana. Akwai wani siririn layi a cikin ramin inda roba ke zama, ya cika da dauɗa ta bushe. Ya hana ni sa ƙarfe, sai na fere tsinken aswaki na yi ta sakace a ciki, yini biyu, har layin ya fito fes. Fistin kuma na goge shi da sanfefar da ta riga ta cinye, ina jiƙawa da man birki, ina juyawa a hankali, har tsatsar ta tafi ya koma yana ɗaukar ido. Malam Sale ya bi shi da farce ya ce Allah ya taimake ni, bai yi rami ba. Ya ce da za a sami sifirit a yi wankin ƙarshe da ya fi. Na san inda sifirit yake a gidanmu, cikin akwatin allurar Ya Modu, amma ba ni da fuskar roƙa. Na dai faɗa wa Iya a tsakar gida, ba da wata manufa ba. Da safe na buɗe akwatin kayan aikina na tarar da 'yar kwalba a ciki, an toshe bakinta da auduga. Na gaishe da Ya Modu, ya amsa kamar kullum, ya ɗauki kekensa ya fita.

Saura sababbin robobi, kuma babu su a Haɗeja. Na ba wani direban motar kifi tsohuwar robar ya nemo mini irinta a Kano. Bayan mako ya kawo, na gwada, ta yi yawa. Ashe mai kantin da kumburarriyar ya auna. Na zauna a ƙasa kamar in yi kuka. Malam Sale ya ce, "Kuskuren namu ne mu biyu. Ɗauki fistin ɗin ka je da kanka." Ban taɓa wuce garin Malam Madori ba a lokacin, inda tashar jirgi take. Na taka keke zuwa can, na bar shi wurin wani abokin Baba, na shiga jirgin ƙasa da kalifa da hannun birki a cikin jakar fata, na rungume ta a ƙirji har Kano. Na yi yini guda ina shiga kanti ina fita, wasu su ce babu, wasu su miƙo mini na mota. Da yamma wani mai kanti ya karɓi fistin ya juya, ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da 'yar leda: robar fistin, robar hana ƙura, da ƙananan na hannun birki. Na sa ya gwada a gabana. Na haɗa da sabon tiyo da fad da gwangwanin man birki, robobin kuma na ɗauki biyu-biyu, kamar yadda Malam Sale ya ce.

Gara da na ji maganarsa, don ta farko da na sa, garin sauri fistin ya shiga a karkace ya tsage ta. Na cire na sake wankewa. A karo na biyu na shafa wa roba man birki, na zaunar da ita a layinta ina bi da yatsa, na ɗora fistin daidai, na danna da manyan yatsuna biyu a hankali, ina bismilla. Ya zame ciki sumul. Malam Sale ya karɓa ya duba ta kowane gefe, ya miƙo mini ya ce, "Je ka ɗaura. Amma fitar da iska aikin mutum biyu ne. Ɗaya na jan birki, ɗaya na buɗe noti a ƙasa. Ka nemi na biyu."

Ranar Juma'a da hantsi na fito da babur daga rumfar awaki, na wanke kashin kaji da ke jikinsa, na goge faifai da sauran sifirit, na ɗaura komai, na cika kofi da man birki. Sai na tsuguna a gindin ƙafar gaba da sifana, ina miƙa hannu ɗaya sama ina son in kamo birki, ba ya kaiwa. Na tashi na ja, na tsuguna na buɗe, iska ta koma. Ina cikin wannan wahala na ga inuwa a kaina. Ya Modu ne. Ya kama hannun birki, bai dube ni ba, ya ce, "In ja?"

Na ce, "Ja, Yaya. Sau uku. Riƙe."

Na buɗe noti, kumfa ta fito tana tsartuwa, na rufe. "Saki."

"In ƙara?"

"Ƙara. Riƙe. Saki."

Haka muka yi ta yi, yana duba kofi yana cewa, "Man ya yi ƙasa, ƙaro," ina tashi ina ƙarawa. Kumfa ta ragu, ta ƙare, mai ya riƙa fitowa garau. Can ya ce, "Kai, zo ka ji." Na taɓa hannun birkin, ya yi tauri, ya tsaya a rabi ya ƙi wucewa. Ya Modu ya dubi tafin hannuna da ya sassaɓe, ya ce, "Wawa kawai. Da ka tambaye ni ai da na faɗa maka." Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Bayan an sauko daga masallaci muka tura shi fili bayan ganuwa, Baba na biye da mu. Ya Modu ya hau. Na ruga gaba na tsaya a tsakiyar hanya, na ce ya taho, in bai kama ba ni zai buge. Baba ya daka mini tsawa: "Fita daga nan! Karaya ɗaya ba ta ishe ku ba?" Ya sa na ɗauko damin kara na kafa a wurin. Ya Modu ya taho a hankali ya ja, babur ya tsaya cak. Ya koma ya ƙara gudu, ya ja, gaban ya duƙa, ya tsaya saura taku biyu ya taɓa kara. Sau bakwai ya yi. Baba ya ce, "To, madalla. Gobe sai ruga."

Baba bai taɓa hawa babur ba sai ranar. Ya tattare babbar riga ya zauna a bayan Ya Modu, ni na bi su da keke. Kafin in isa sun gama gaisawa da mai gidan, an shimfiɗa musu tabarma, amma ba su faɗi abin da ya kawo mu ba, sun bar mini. Inna Hajjo ta fito daga bukka tana dogara sanda. Ƙafar ta ɗoru amma ta gajarce, tana tafiya tana karkata. Na durƙusa a gabanta na faɗi abin da na yi. Ta saurara har na gama, ta dubi Ya Modu, ta dube ni.

Ta ce, "Ashe ba wannan ba ne, wannan ne. To, ko wanne ne dai ƙafar tawa ce. An gyara abin?"

Na ce, "An gyara, Inna."

Ta ce, "To Allah ya kiyaye gaba. Na yafe. Tashi, ƙasa da sanyi."

Na ce tun da ba ta iya kai nono kasuwa, ta bar ni in riƙa ɗaukar mata a keke. Ta yi dariya ta ce keke zai kaɗe mata nono ya fitar da mai tun a hanya. Amma ta yarda. Duk ranar kasuwa da sassafe nakan je in ɗaure ƙwaryarta a bayan keke da gammo, in taho a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, in miƙa wa ƙanwarta da ke sayarwa. Damina biyu ina yi. Sai aka yi shekarar da ruwa bai cika fadama ba, ciyawa ta ƙare da wuri, suka ce za su tashi su yi wajen Birniwa.

Na je ranar da za su tafi. An kwance bukkoki, an ɗaure kaya, shanu sun yi gaba. Matan rugar duka suna tafe a ƙasa da ƙore a kai, har waɗanda suka girme ta. Ita kaɗai aka cicciɓa aka ɗora kan takarkari, tsakanin tabarmi da turmi, an soke mata sandarta a gefe. Ta hango ni ta ɗaga hannu. Na tsaya riƙe da keke har suka shige cikin bishiyoyin ƙirya, ban ƙara ganinta ba.